Disney ya sayi kwaɗon, amma me ya sa finafinan Muppets biyu ke hannun Sony?

Tambaya: Malam, tun ina yaro nake son wasan 'yan tsanan nan na Muppets, su Kermit kwaɗo da Miss Piggy. Yanzu na fara tara wa yarana finafinansu a faifai. Na ƙirga guda takwas da aka nuna a sinima. Shida na ɗauke da tambarin Disney, amma biyu, wato The Muppets Take Manhattan da Muppets from Space, tambarin Sony ne a jikin kwalinsu. Ba Disney ne ya sayi Muppets ba? To me ya kawo Sony? Ko jabu aka sayar mini? Kuma akwai ranar da za a haɗa su duka a kwali ɗaya?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba jabu ba ne. Da ka ga tambarin Disney a jikin waɗannan biyun, a nan ne ma zan ce ka koma wajen wanda ya sayar maka. Disney ya sayi Muppets a 2004, gaskiya ne, amma ya saya ne daga hannun iyalan Jim Henson, mutumin da ya ƙirƙiri 'yan tsanan, kuma mutum ba ya sayar da abin da ba ya hannunsa. Haƙƙin rarraba finafinan nan biyu ya riga ya fita daga gidan Henson tun ranar da aka karɓi kuɗin yin su.

Abin da ke rikita mutane shi ne ɗaukar "Muppets" a matsayin kaya ɗaya, kamar buhun gero da za a ɗora a amalanke a kai gidan mai saye. A wajen masu rubuta kwantiragin fim ba haka ba ne. Su kansu 'yan tsanan, da kamanninsu da sunayensu da kalmar Muppet, dukiya ce guda. Kowane fim da aka yi da su wata dukiya ce daban, mai takardunta. Sannan akwai haƙƙin rarrabawa, wanda shi kuma ake yankawa gunduwa-gunduwa kamar naman layya: na sinima daban, na talabijin daban, na kaset da faifai daban, na kallo ta intanet daban, kuma kowace gunduwa ana iya ƙayyade mata ƙasa da adadin shekaru. Ka ɗauka ka sayi gida mai shaguna a gaba. Wasu shagunan ka tarar da su babu kowa, wasu da ɗan haya wanda wa'adinsa ya kusa cika, wasu kuwa tsohon mai gidan ya riga ya yanke ya sayar tun tuni. Takardar gidan tana hannunka, amma ba kowane makulli ne naka ba. Wanda ya san yadda harkar kaset ta gudana a Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba: furodusa ne mai fim, shi ke buga kwali, amma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke juya kaset su kai shi lungu da saƙo.

Bari mu bi kuɗin, don shi ne ke nuna inda kowane fim ya kwana.

Manyan tashoshin talabijin na Amurka ba su karɓi The Muppet Show, shirin talabijin na 'yan tsanan, ba. Wanda ya ɗauke shi wani attajirin harkar nishaɗi ne na Ingila, Lew Grade, mai kamfanonin ATV da ITC. A Elstree, kusa da Landan, aka ɗauki shirin, wanda aka nuna daga 1976 zuwa 1981, kashi 120 cikin zango biyar. Grade ɗin ne kuma ya zuba kuɗin finafinai biyun farko, The Muppet Movie na 1979 da The Great Muppet Caper na 1981. Saboda haka a farkon lamari ko waɗannan ba a hannun Henson suke ba, a rumbun ITC suke. Sai daular Grade ta girgiza, wani ɗan kasuwa daga Ostireliya, Robert Holmes à Court, ya ƙwace ragamar uwar kamfanin a 1982. Henson bai natsu da sabon mai gidan ba. A 1984 ya ciro kuɗi, kimanin dala miliyan shida da rabi, ya fanso shirin talabijin ɗin da finafinan biyu. A ganina wannan shi ne ciniki mafi hikima da ya yi a rayuwarsa, kuma da bai yi shi ba, da yau kana tambayata game da tambari uku ne, ba biyu ba.

To a wannan shekarar ta 1984 ce fim na uku ya fito, The Muppets Take Manhattan, wanda Frank Oz ya ba da umarni. Grade ya tafi, ana bukatar wani mai kuɗin. Aka samu Tri-Star, sabon kamfani da Columbia Pictures da tashoshin HBO da CBS suka haɗa hannu suka kafa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: Tri-Star ya ɗauki nauyi, ya riƙe rarrabawa. Daga baya Tri-Star ya narke cikin Columbia, a 1989 kuma Sony na ƙasar Japan ya sayi Columbia a kan dala biliyan 3.4. Ka ga hanyar da kwaɗon ya bi ya shiga gidan Sony, ba tare da Sony ya taɓa zama teburin ciniki da Henson a kan wannan fim ba. Gado ya ci.

A watan Agusta na 1989 aka sanar cewa Henson zai sayar da kamfaninsa ga Disney, ana maganar dala miliyan 150. Ana cikin jan zaren tattaunawa, ba a sa hannu ba, Allah ya karɓi ransa ranar 16 ga Mayu, 1990, yana da shekara 53. Cinikin ya watse a ƙarshen shekarar, har ta kai iyalan da Disney gaban alƙali a 1991 kafin su sasanta. Abin mamaki, rigimar ba ta hana su kasuwanci ba. Sashen bidiyo na Disney, Buena Vista Home Video, ya karɓi lasisin fitar da tsofaffin ayyukan Henson a kaset, shi ya sa za ka ga kaset ɗin The Muppet Movie da The Great Muppet Caper sun fito ta hannunsa a 1993. Lura da kyau: Manhattan bai bi su ba, don ba ya cikin abin da iyalan ke da ikon ba da haya. Sannan Disney ya rarraba sababbin finafinai biyu da Brian Henson, ɗan marigayin, ya ba da umarni, The Muppet Christmas Carol a 1992 da Muppet Treasure Island a 1996. A lokacin Disney bai mallaki ko gashi ɗaya na Fozzie, abokin Kermit, ba. Matsayinsa a kan waɗannan biyun irin matsayin Tri-Star ne a kan Manhattan.

A 1995 kamfanin Henson ya juya wajen Sony, suka kafa Jim Henson Pictures tare. Daga wannan haɗin gwiwa Muppets from Space ya fito a 1999 ƙarƙashin tambarin Columbia. Bai yi kasuwa ba, haɗin gwiwar ma bai yi nisan kwana ba, amma takardar da aka sa wa hannu tana nan. Lasisin kaset da faifai na tsofaffin finafinan shi ma ya koma hannun Columbia TriStar a wannan tsakanin.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya ka duba, don shi ne hujjar duk maganata. Da a ce a shekarar 2002 ka shiga kantin faifai a Amurka, da ka tarar da akasin abin da ke gabanka yau. Finafinan sinima shida ne a lokacin. Huɗu na ɗauke da tambarin Columbia TriStar, wato Sony: na 1979, na 1981, na 1984 da na 1999. Biyu kacal ne na Disney, na 1992 da na 1996. Bayan shekara uku, a ƙarshen 2005, lissafin ya juye: Disney na da huɗu, waɗanda ya sake fitarwa don bikin cikar Kermit shekara 50, Sony ya rage da biyu. Waɗanne ne suka sauya gida? Biyun nan dai da Henson ya fanso da kuɗinsa a 1984. Su ne ke yawo, daga kamfanin kaset na CBS/Fox zuwa Buena Vista zuwa Columbia TriStar su dawo Disney, saboda kowane ɗayan waɗannan kamfanoni ɗan haya ne, wa'adi na cika ya tattara. Sauran huɗun kuwa suna nan a gidan da ya fara rarraba su a sinima.

Yadda aka kai ga 2004 ɗin labari ne mai ban tausayi, amma zan gajarta. A 2000 'ya'yan Henson suka sayar da kamfanin baki ɗaya ga EM.TV na birnin Munik a Jamus, a kan dala miliyan 680. Kafin shekara ta zagayo hannun jarin EM.TV ya rushe, suka fara sayar da kaya don biyan bashi. 'Yan tsanan shirin yara na Sesame Street, su Elmo da Big Bird, aka sayar wa masu shirin, Sesame Workshop, a kan dala miliyan 180. A 2003 iyalan suka sake sayen abin da ya rage a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba. A watan Fabrairun 2004 suka yanki Muppets da shirin Bear in the Big Blue House suka sayar wa Disney, farashin da aka ruwaito shi ne dala miliyan 75. Michael Eisner, wanda cinikin 1989 ya suɓuce masa, shi ne dai ke shugabantar Disney a lokacin. Iyalan suka riƙe Fraggle Rock da The Dark Crystal da Labyrinth da kuma masana'antarsu ta ƙera halittu. Finafinan 2011 da 2014, The Muppets da Muppets Most Wanted, su kam 'yan gida ne, Disney ya yi su da kuɗinsa da 'yan tsanansa, babu mai cewa uffan.

Wato zuriyar da mutum ɗaya ya ƙirƙira ta rabu gida uku, kuma rabon gadon ya haifar da abubuwan ban dariya. Kalmar Muppet ta zama alamar kasuwancin Disney, don haka Sesame Workshop da izinin Disney yake kiran nasa 'yan tsanan da wannan suna. Idan yaranka sun taɓa kallon Sesame Square da aka fara nunawa a NTA a 2011, mai Zobi sarkin son doya da Kami, waɗannan 'yan gidan Sesame ne, ba ruwan Disney da su. Kermit kuwa, duk da ya fito a Sesame Street tun farkonsa a 1969, bai bi su Elmo ba, Disney ya tafi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne abin da ya sami Emmet Otter's Jug-Band Christmas, wani ɗan shirin talabijin na 1977. Shirin ya zauna a hannun iyalan Henson, amma Kermit ne ke buɗe shi yana gabatarwa. Da aka fitar da shi a faifai a 2005, sai aka datse kwaɗon gaba ɗaya, saboda ya zama ɗan wani gida. 'Ya'yan mutumin da ya ɗinka Kermit da hannunsa, ya kuma yi masa murya har ya mutu, sai da izini za su nuna shi. Sai a fitowar 2017 aka mayar da shi.

Sony ɗin ma ba biyu kaɗai gare shi ba idan ka fita daga sinima. Kermit's Swamp Years na 2002, wanda aka yi don bidiyo kai tsaye, shi ma nasa tambarin yake ɗauke da shi. It's a Very Merry Muppet Christmas Movie, shi ma na 2002, an yi shi ne don tashar NBC, ya fara fita a faifai ta hannun MGM, daga baya ta hannun Universal. In har tarin naka zai cika, tambari na uku na nan tafe.

Za ka iya cewa, to ai Labyrinth ma Tri-Star ne ya rarraba shi a 1986, kuma Sony ya daɗe yana buga faifansa. Haka ne. Amma daga farkon 2024 kamfanin Henson ya miƙa rarraba Labyrinth da The Dark Crystal ga Shout! Studios. Ka ga finafinai biyu, Labyrinth da Manhattan, sun fito ta ƙofa ɗaya shekara biyu tsakani, ɗaya ya koma hannun masu shi, ɗaya bai koma ba. Tambarin da ke jikin kwali ba ya gaya maka ko mai shi mai gida ne ko ɗan haya. Sai ka zuba ido shekaru ka ga wanda ya tashi.

Akwai wata ƙaya kuma da ba ta shafi mallakar fim ba sam, amma ita ce ta fi cutar masu tara faifai irinka: waƙoƙi. The Muppet Show kusan rabinsa waƙa ne, kuma galibin waƙoƙin na wasu ne. An biya kuɗinsu ne don nunawa a talabijin a shekarun 1970, lokacin da babu wanda ya yi tunanin za a sayar da shirin a faifai, balle a kalle shi a waya. Kowace sabuwar hanya sai an koma wajen mai waƙa an sake ciniki. Disney kuwa ya taɓa shan ɗacin wannan: mawaƙiya Peggy Lee ta kai shi kotu a kan fitar da Lady and the Tramp a kaset, tana cewa kwantiraginta na shekarun 1950 bai ba shi wannan dama ba, ta kuma yi nasara a 1991, aka yanke mata sama da dala miliyan biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka da Disney ya fitar da zangon farko na shirin a 2005, an cire wasu waƙoƙi. Zango na biyu ya fito a 2007, na uku a 2008, daga nan shiru. Na huɗu da na biyar ba su fito a faifai a cike ba. Ko da aka ɗora shirin a Disney+, manhajar kallon finafinan Disney ta intanet, a watan Fabrairun 2021, an bar kashi biyu a waje, wasu kuma da giɓi. Kuma duk wannan a kan kayan da Disney ya mallaka ne ɗari bisa ɗari. Muppet Babies, zanen da aka yi daga 1984 zuwa 1991, shi ma bai samu cikakkiyar fitowa a faifai ba, kuma abin da aka fi dangantawa da shi shi ne gutsattsarin finafinan wasu kamfanoni da aka cusa a cikinsa. Ga wani abin dariya: jariran nan a cikin Manhattan aka fara ganinsu, a wani mafarkin Miss Piggy. Jariran na Disney ne, ɗakin da aka haife su na Sony.

Sai dai kada ka ɗora wa lauyoyi kowane laifi. Idan faifanka na Christmas Carol babu waƙar "When Love Is Gone", ba rigimar haƙƙi ba ce. Jeffrey Katzenberg na Disney ne ya sa aka cire ta kafin a kai sinima, a ganinsa za ta gundiri yara. Ta fito a kaset ɗin 1993, aka rasa ta a Blu-ray na 2012, kuma sai a Disamban 2022 aka dawo da cikakken fim ɗin a Disney+ bayan an gano asalin hoton da ya ɓata.

Saura maganar kwali ɗaya. Doka ba ta hana ba. Kamfanoni biyu na iya zama su raba riba, an sha yi a kan wasu jerin finafinan. Abin da ke hanawa lissafi ne. Sony ba ya zaune da nasa biyun haka kawai, yana cin moriyarsu: ya fitar da su a Blu-ray a 2011, daidai lokacin da Disney ke kashe kuɗin tallar sabon fim ɗinsa, wato wani ya yi shuka wani ya zo girbi, ya kuma sake fitar da Manhattan a faifan 4K a 2023. Me zai sa ya sayar? Shi kuma Disney hankalinsa ya bar faifai ya koma manhajarsa ta Disney+, wadda ta buɗe a Nuwamban 2019 babu waɗannan biyun a ciki. Kamfanonin sun ƙulla yarjejeniyar lasisi a 2021 da ke ba Disney damar nuna finafinan Sony a dandalinsa, don haka in wata rana ka ci karo da ɗayansu a can, aro ne, kuma ana iya janye shi. Jiran wa'adin haƙƙin mallaka ya ƙare ma ba mafita ba ce. A dokar Amurka irin waɗannan finafinai na da shekara 95 daga fitowarsu, Manhattan sai 2080 zai zama na kowa.

Abin da ya fi kusantar da burinka ya faru ne a Fabrairun 2024, lokacin da Disney ya miƙa wa Sony aikin bugawa da sayar da faifansa a Amurka da Kanada. Disney ɗin nan da ya haɗa kai da Universal suka maka Sony a kotu saboda na'urar bidiyo ta Betamax, suka sha kaye a Kotun Ƙolin Amurka a 1984, shi ne yau Sony ke buga wa faifai. Yanzu a can finafinan takwas ta hannu ɗaya suke isa kanti. Amma wannan aikin dillanci ne, bai taɓa mallakar kowa ba, kuma haɗa su a kwali ɗaya sai an zauna sabon ciniki. Ni dai ba zan ce ka jira ba.

Ka ci gaba da tarawa ɗaya-ɗaya, ka kuma kula da lambar yanki kafin ka biya. Faifan DVD na Amurka yanki na 1 ne, na Turai na 2, Najeriya da Nijar suna cikin na 5, ko da yake yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa tantancewa. A Blu-ray, Afirka da Turai duk yankin B ne, Amurka kuwa A, saboda haka wanda aka sayo daga Ingila ya fi zama lafiya a na'urarka. Faifan 4K ba shi da wannan shinge. In kuma ka yi sa'ar samun DVD ɗin Christmas Carol na 2005, duba zaɓin hoton da ke cika allon tsohuwar talabijin, ba mai faɗin ba. A nan waƙar da aka cire take.